Alamar Alli a Ƙarƙashin Tebur

"Ku ɗaga gadon," in ji Direba. "In akwai shi, a nan ƙasa yake."

Ni da shi muka kama, ni ta wajen kai, shi ta wajen ƙafa. Gadon ƙarfe ne, ba shi da wani nauyi. Baba Kunne yana zaune a kujerarsa ta roba a bakin ƙofa, ya ɗora hannu biyu a kan sandarsa, yana kallonmu kamar wanda aka zo yi wa fenti a ɗaki. Matan gidan sun cika ƙofar ta bayansa, Uwar 'Yan Biyu a gaba, ta riƙe ƙugu.

Bututu muke nema. 'Yan hayar gidanmu sun yanke cewa tsohon ya ja bututu a ɓoye zuwa ɗakinsa, yana ɗibar ruwa bayan an kulle famfo. A ƙarƙashin gadon ba mu sami kome ba sai akwatin ƙarfe da dogayen takalman roba na aiki. Amma bangon a jiƙe yake har tsayin gwiwa, gansakuka ta fara kama shi.

Direba ya shafa bangon, ya nuna wa mata tafin hannunsa. "To wannan fa, Baba? Ko bango ne ke yin gumi?"

"Ruwa ne," in ji tsohon. "Ban ce ba ruwa ba ne. Amma ba daga nan yake tasowa ba. Ɗakina ne gangaren gidan, nan yake taruwa."

"Daga ina yake tasowa, tunda kai ne masani?"

Tsohon ya dube ni, kallo ɗan gajere, sannan ya mai da idonsa kan sandarsa. Ni kuwa na tsura wa ƙafar gadon ido.

Gidanmu ɗaki tara ne, famfo ɗaya a tsakar gida, mita ɗaya a cikin ramin siminti a bakin ƙofa. A shekarar nan ƙaramar hukuma ta ƙara kuɗin ruwa sau biyu, sannan ta ɗora na magudanar ƙazanta a kansa. Suka ce duk bokitin da ya shigo gida dole zai fita ta lambatu, don haka da mita ɗaya za a auna duka biyun. Direba ya ce shi a tasha kaɗai ya san ana biyan kuɗin shiga da na fita. Aka yi dariya, amma ba ta daɗe ba.

Mun je taron da aka kira a zauren hukumar, mu da mutanen wasu unguwanni. Mata suka yi magana, masu wanki da guga suka yi, wani mai gidan abinci ya kusa yin kuka. Sannan Baba Kunne ya miƙe. Shekara talatin da ɗaya ya yi a hukumar ruwa, aikinsa sauraron yoyo. Yana da sandar ƙarfe mai kan katako kamar ɗan ƙoƙo. Sai ya dasa tsininta a ƙasa, ya kafa kunne a kan katakon, ya gaya maka inda bututu ya fashe a ƙarƙashin titi. Daga nan sunan ya samo asali. Ya ce musu ruwan da ke zubewa a ƙarƙashin garin nan ya isa ya shayar da wani garin, su gyara kafin su ƙara. Jami'in da ke kan tebur ya gode masa da ladabi, ya ce abin da ke kafin mita nasu ne kuma suna sane, abin da ya wuce mita kuwa na mai gida ne. Muka fito kamar yadda muka shiga. A hanya Uwar 'Yan Biyu ta ce, "Ai Baba, mutanenka ne. Kai ka san kansu."

Ni na kawo shawarar kwaɗo. Gyaran rediyo da fanka nake yi, a wani ɗan shago da na gina jikin ƙofar gidan. Ban yi nisa a makaranta ba, abin da na sani daga tsofaffin littattafai na tsince shi, shi ya sa suke kirana Injiniya, rabi girmamawa rabi tsokana. Na ce a yi wa famfo akwatin ƙarfe a kulle, a buɗe awa biyu da safe, awa biyu da yamma. Aka ba ni makulli, tunda ni ne ba na zuwa ko'ina. Wata ya zagayo, takardar hukuma ta zo, ba abin da ya ragu. Kowa ya matse, yara suna wanka biyu-biyu a bokiti ɗaya, amma mita ba ta sani ba. To wa ke sha? Wa ya san bututu a gidan nan? Ba a daɗe ana tambaya ba.

Abin da ban faɗa ba a ranar binciken shi ne, kwana tara kafin nan, tsohon ya shigo shagona da tsakar rana, lokacin da gida ya yi tsit.

"Injiniya, kashe mini waɗannan mawaƙan naka."

Na kashe rediyo ukun da ke kunne. Ya ce na leƙa mita. Na ɗaga murfin, famfo a kulle, ɗan jan tauraron da ke tsakiyarta yana juyawa a hankali. Da na dawo, na tarar ya dasa sandarsa a daɓen shagon. Ya matsa taku ɗaya, ya saurara. Ya koma baya rabin taku. Sannan ya yafito ni.

"Sa kunnenka. Kada ka danna, ka jingina kawai."

Da farko ban ji kome ba. Can sai na ji, siriri, kamar mutum yana jan numfashi ta tsakanin haƙora, ba ya tsayawa ya huta.

Ya ciro guntun alli daga aljihu, ya durƙusa da ƙyar, ya zana da'ira kamar faɗin faranti, ya ja mata ɗan layi da ya nufi cikin gida.

"Ranar da kake zuba simintin nan na ce maka a kan hanyar bututu kake," in ji shi. "Ka ce bututu ba ya jin nauyi."

Shekara takwas ke nan. Ban nemi izinin kowa ba na gina, mai gidan ya kau da kai don ba a garin yake ba. In aka fasa daɓen, bangon gaba zai bi, kuma in hukuma ta shigo ciki ba za ta bar ni na sake ɗora bulo ko ɗaya a wurin ba. Daga ɗan ɗakin nan nake ci da mata da 'ya'ya huɗu.

"Baba, ka ba ni kwana biyu."

"Wuri naka ne," ya ce. "Mu a aikinmu, ka sa alama, ka gaya wa mai wuri. Tono ba na mai saurare ba ne."

Yana fita na ja teburin aikina na rufe da'irar.

To, ranar bincike, da muka ajiye gadon, Uwar 'Yan Biyu ta ce, "Ba mu gani ba, amma ba mu yarda ba. Wanda ya iya binne bututu a titi, ɗaki ne zai gagare shi?"

Tsohon ya miƙe a hankali. "Shi ke nan, 'yata. Daga yau ku cire ni daga famfon nan. Ko ɗigo ba zan ƙara taɓawa ba. Sai ku duba mita."

Ya ɗauka hakan zai wanke shi. Kuskurensa ke nan, kuskuren mutumin da ya saba ƙasa ba ta yi masa gardama. Washegari ya ɗauki jarka ya nufi rijiyar burtsatse da ke bayan kasuwa, tafiyar da ko saurayi sai ya huta a hanya, kuma dawowar hawa ce. Mita ta ci gaba da juyawa. Direba ya ce, "Ai dole ya yafe mana famfo, mai rijiya a ɗaka. Jarkar nan ta rufe mana ido ce."

Kullum ta bakin shagona yake wucewa. Nakan ji ya dire jarkar a jikin bango, dum, ya yi numfashi, sannan ya leƙo. "Injiniya, ya aiki?" Na ce da godiya. Bai taɓa kallon teburin ba. Da ya kalla, ina jin da ya fi mini sauƙi.

Ina da dalilai, kuma kowanne in ka ɗauke shi shi kaɗai, dalili ne. Akwai fankoki shida na wata makaranta da zan gama tukuna. Akwai rumfar da nake nema a kasuwa, an ce mini na jira ƙarshen wata. Na riƙa ƙure muryar rediyo har matata ta ce, "Maigida, kurma ka zama ne, ko kurame kake yi wa gyara?" Wata rana tana share shagon ta ce ƙafar teburin nan ta fara kumbura. Na ce katakon ne ba shi da kyau. Ta dube ni, ta ci gaba da shara.

A rana ta goma da fara ɗaukar jarkarsa na tare shi. Ba kowa a tsakar gida.

"Baba, kawo jarkar. Makulli yana hannuna, minti biyu na cika maka. Ba wanda zai gani."

Ya yi 'yar dariya, har ta koma tari. "Wato na zama abin da suka ce ɗin. Kai kuma ka sami abokin ɓoyo."

"To me ya hana ka faɗa musu? Ka san wurin. Ka buɗe baki kawai."

Ya zauna a kan bencin masu jiran gyara, ya miƙe ƙafafu. Sun kumbura, igiyar takalmin ta nutse a ciki.

"Ina sabon shiga aiki," ya ce, "na ji yoyo a ƙarƙashin katangar wani mai ɗinki. Unguwar ta yi sati ba ruwa. Don a san na iya, na faɗa a gaban jama'a. Kafin na je ofis na dawo da ma'aikata, sun rushe masa katanga da rabin ɗaki, matarsa tana ciki da jariri. Yoyon yana nan, ban yi kuskure ba. Amma mutumin bai ƙara kwana a unguwar ba." Ya murza kan sandar da babban yatsa. "In ni na faɗa, Direba ne zai zo da guduma. In kai ka faɗa, kai za ka riƙe ta. Ba ɗaya ba ne."

"In ban faɗa ba fa?"

"Za ka faɗa. Na san ka tun ba ka da gemu." Ya dafa bango ya tashi. "Sai dai ka ɗan hanzarta. Hawan nan ya fara sanina."

Rana ta goma sha shida, wajen ƙarfe ɗaya, na ji dum ɗin jarkar. Ina riƙe da ƙarfen dalma a cikin wata rediyo, na ce bari na gama wannan ɗigon kafin ya leƙo. Na gama. Na yi na biyu. Gaisuwar ba ta zo ba.

Na same shi zaune a ƙasa, ya jingina da bangon shagona, sandar a kan cinyarsa. Fuskarsa ta yi fari-fari kamar an shafa mata toka. Tafin hannunsa ɗaya yana shimfiɗe a kan ƙasa.

"Yoyon ya ƙaru," ya ce. "Yanzu ko ba sanda ana ji."

"Baba, bari na kawo maka ruwa."

Na zaro makulli na nufi famfo. Ya kira ni da muryar da ban san yana da sauranta ba. "Na jarka."

Na zuba masa a murfin jarkar. Ya kurɓa, rabi ya bi ta gemunsa. Na ƙwalla wa matata kira, ta fito, ta koma da gudu ta buga ƙofar Direba, wanda ya dawo cin abinci. Ba zan ɓoye alherinsa ba: ko takalmi bai tsaya sawa ba. Shi ya ɗauki tsohon kamar yaro ya sa a bayan mota, ni na riƙe kansa a cinyata. Direba yana tuƙi yana cewa, "Baba, ka yi mini magana. Ka zage ni ma, na yarda." Ba mu kai shi asibiti da rai ba. A wajen shataletalen kasuwa na ji nauyin kansa ya canza.

'Yarsa ɗaya ce, ma'aikaciyar jinya a wani gari. A gidanmu ta girma, ni na gyara mata rediyon da ta tafi da shi makaranta. Kwana uku bayan an binne shi tana haɗa kayansa, sai ta zo ta tsaya a ƙofar shagona, sandar a hannunta.

"Kawu, zan tambaye ka abu, don kai ba ka cikin masu surutu. Na ji yaran gidan nan suna cewa ɗakin ɓarawon ruwa. Ni bai taɓa gaya mini kome ba, kullum muka yi waya sai ya ce lafiya lau. Da gaske ne? In gaskiya ne zan iya ɗauka. Tsufa yana sa mutum abubuwa."

Na sauke rediyoyin da ke kan teburin ɗaya bayan ɗaya, na ja shi gefe. Danshi ya ci rabin allin, amma da'irar tana nan, da ɗan layinta.

Ba sai na yi bayani ba. Ta san hannun ubanta. Ta durƙusa ta taɓa gefen zanen da yatsa.

"Yaushe ya yi wannan?"

"Kwana ashirin da biyar kafin ya rasu."

Ta daɗe a durƙushe. Da ta tashi ba ta dube ni ba. "Ka kira su," ta ce.

Da yamma ne, lokacin buɗe famfo, kowa yana tsakar gida da bokiti. Na ce su zo ƙofar shago. Na faɗa musu yadda aka yi, tun daga ranar allin, ban rage kome ba. Direba ya shiga ɗakinsa ya fito da babbar guduma. Na miƙa hannu. Ya tsaya yana kallona, sannan ya sakar mini.

Simintin bai yi gardama ba, ya riga ya ruɓe ta ƙasa. A bugu na biyar gudumar ta nutse. Na janye ɓaraguzan da hannu, sai ga ruwa yana tasowa a tsakiyar da'irar, ba ko taku ɗaya na kuskure, garau da shi, yana juya 'yan tsakuwa. Uwar 'Yan Biyu ta ajiye bokitinta ta zauna a kansa, ta rufe baki da gefen mayafi. Ba wanda ya zage ni. Direba ne kawai ya yi magana, a hankali.

"Kai ka kama mini gadon, Injiniya. Ta wajen kai."

Na sha juya maganar nan a raina, har yau ban ga ƙarshenta ba. Laifina ba ya buƙatar bincike, na san girmansa. Amma shi fa? Ɗaki tara suna matse wa 'ya'yansu ruwan wanka, yana da kalma ɗaya da za ta raba su da wannan, ya riƙe ta saboda wani mai ɗinki da ya ɓata wa shekara hamsin da suka wuce. Wani lokaci na ce rufa mini asiri ya yi. Wani lokaci na ce amana ya ɗora mini wadda ya san ta fi ƙarfina, ya tsaya yana jira da jarka a hannu. Sai kuma na tuna da muryarsa yana cewa ya san ni tun ba ni da gemu, na rasa ta inda zan kama.

An canza bututun. Bangon gaban shagon ya tafi, yanzu a rabin da ya rage nake aiki, da buhu a maimakon ƙofa. An cire kwaɗon famfo, ba tare da an yi taro a kai ba. An ce hukuma za ta sake ƙari bayan damina, mutane sun fara maganar komawa zauren nan. Ba mu da wanda zai miƙe ya gaya musu abin da ke ƙarƙashin titi.

Ranar da 'yar za ta tafi, ta jingine sandar a bakin shagona. Ba ta ce ta ba ni ba. Ta ce ba ta shiga jaka.

Da tsakar rana, in gida ya yi tsit, nakan kashe rediyo. Na dasa tsinin a kan sabon simintin, na jingina kunne a katakon, inda gefensa ya lotsa ya yi santsi. Ba a jin kome. Daga inda nake tsaye ina hango ɗakinsa ta cikin ƙofar gida, a buɗe, ba a sami mai haya ba tukuna. Bangon yana bushewa daga sama zuwa ƙasa, ya bar wani farin layi a daidai tsayin gwiwa.